Taku Biyar da Baya

Masaukin gindin dutse,
Ranar Talata.

Zuwa ga uwargidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da yara. Yaya kafaɗar nan? Ina fata shafa maganin kike yi, ba ajiye shi kika yi a kan firji yana gadin gida ba. Yaya Auta da jarrabawarta? Allah Ya ba ta sa'a.

Mun iso lafiya jiya da la'asar. Kada ki wahalar da kanki da duba waya, nan babu sabis ko kaɗan. Mai masaukinmu, wata dattijuwa mai faɗa da kirki a haɗe, ta ce in mutum ya hau kan tankin ruwa ya ɗaga hannu sama wani lokaci saƙo yakan fita. Ni kuwa shekarata hamsin da uku, ban ga saƙon da ya isa ya sa ni hawa tanki ba. Direban da ke kawo mata burodi da gas yana sauka gari duk bayan kwana biyu, kuma ta gaban makarantarku yake bi, shi zai riƙa miƙa miki takardu.

Kin tambaye ni a bakin ƙofa abin da ya sa ni, mutumin da matakalar laburare ke sa shi haki, zan bi mijin Yaya hawan dutse. Na ce miki sai na dawo. Gara in gaya miki yanzu, tunda takarda ba ta katse wa mutum magana.

Idonsa ne. Hawan jinin ido, shekara biyu ke nan yana ɗiga magani. Shi kaɗai yake zuwa ganin likita, in ya dawo ya ce an ce da sauƙi. Yaya ba ta yarda ba. Ta ce sau biyu yana karo da ƙofar kicin tana buɗe, ta ce rannan jikarsu ta tsaya a gefensa ta miƙa masa hannu har ta gaji bai san tana wurin ba. Shi kuma sai ya ɗebo hotunansa ya baza mata a kan gado ya ce ta duba da kyau, makaho ne ya ɗauki waɗannan? Abin da yake so, in ruwa ya ɗauke ya dawo nan shi kaɗai ya yi mako uku, yadda ya saba shekara talatin, don ya cike littafinsa na furannin dutse. Saura masa fure goma sha ɗaya, kuma ba sa fitowa sai ƙarshen damina.

Sun ja sun ja, suka tsaya a kan magana ɗaya. Ni zan biyo shi wannan makon in sa ido. In na ce yana gani, ta bar shi ya ci gaba. In na ce ba ya gani, ya yi mata rantsuwa zai rataye jakarsa, ba zai sake hawa ba. Yaya ta zaɓe ni don ta san ban iya ƙarya ba. Shi kuma ya yarda da ni don ya san ban iya kallo ba. Da bakinsa ya faɗa a gabana: "Gara? To na yarda. Wannan in ba a buga abu a takarda ba ai ba ya ganinsa." Tun ina ɗan shekara ashirin ya laƙa mini sunan nan, wai ba ni da sana'a sai cin littattafai, har yau bai gaji ba.

Yau da safe muka yi hawan farko. Kafin in taho na karanta littafi uku a kan hawan dutse, babu ɗayansu da ya ambaci gwiwa. Duk marubutan sun cika shafuka da iska mai daɗi da natsuwar zuciya. Ina zargin daga cikin mota suka rubuta. Shi kuwa mijin Yaya, da shekarunsa sittin da uku, yana gaba kamar akuya, ko sanda babu, ina baya ina roƙon Allah gafara. Duk lanƙwasa ya san ta. Yakan ce, "Nan gaba akwai saiwa, ɗaga ƙafa, malamin laburare," sai kuwa ga saiwar.

Da ya tarar da fure, sai ya zama wani mutum daban. Yakan ce in tsaya can baya, taku goma, wai inuwata da hakina suna damun fure. Sai ya juya mini baya ya kwanta ruf da ciki a kan tsakuwa, ya yi shiru yana jiran iska ta tsaya. Yau ya yi minti arba'in a gaban wani ɗan farin fure da bai kai maɓallin riga ba. Ban taɓa ganin ya jira Yaya minti huɗu ba tare da ya danna hon ba. Da ya tashi ya nuna mini a bayan kyamarar, sai jikina ya yi sanyi. Har gashin da ke jikin tsinken ana gani, da raɓa guda ɗaya, da wata tururuwa da ta tsaya kamar an ce mata ta gyara tsayuwa. Wani malam-buɗe-littafi ya sauka kusa da mu, mijin Yaya ya ji na ce kai, ya tambaye ni mene ne. Da na gaya masa ya ce, "Gaishe shi mana, abokin aikinka ne."

A saman wani dutse mun ga remaye, dabbobin nan masu kama da ƙaton ɓera marar wutsiya, sun jeru suna shan hantsi kamar tsofaffin ma'aikata a bakin ofishin fansho. Ya ɗauke su, hoton ya fito tas.

Saboda haka, ga dukkan alama Yaya ta tayar da hankalinta ne a banza. Abu ɗaya kawai na lura da shi. Da muka dawo mai masauki ta ajiye masa shayi ta hagunsa, can anjima ya ɗaga murya yana tambayar ko yau ba a ba baƙi shayi. Amma ni ma na taɓa neman tabarau yana kan hancina, ba zan yanke wa mutum hukunci a kan kofi ba.

Ki gaishe da yara. Kada ki ce wa Yaya komai tukuna.

Naki har kullum,
Gara, tunda sunan ya riga ya bi ni.

*

Masaukin gindin dutse,
Ranar Alhamis.

Uwargida,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da yara, da fatan kuna lafiya. Direba ya kawo mini 'yar takardarki da safar da kika aiko. Na gode. Maganarki cewa in rage surutu in ƙara kallo ta iso ita ma, kuma ta iso a makare, domin na riga na kalla, yanzu ina ma ban kalla ba.

Jiya mun hau ta wani ɓangare mai ciyawa da ƙananan itatuwa. Ya tarar da wani jan fure a ƙarƙashin dutse, ya kore ni taku goma kamar kullum, ya kwanta. Ina zaune ina lissafin ƙashin jikina da ke ciwo, sai ga wata gada ta fito daga cikin ciyawa da ɗanta, ɗan ƙarami, ƙafafunsa kamar tsinken tsintsiya. Suka tsaya ta hagunsa, bai fi taku shida ba. Uwargida, hoton nan yake nema tun kafin a haifi Auta. Sau nawa ya cika mu da labarin gadar dutse da ɗanta a kan abinci, yana cewa sau ɗaya ya taɓa hango su daga nesa? Ga su nan sun zo har inda yake kamar an aiko su, rana tana kansu, shi kuwa fuskarsa a buɗe ta wajen, bai motsa ba.

Na yi raɗa na ce, "Yallaɓai, hagunka." Mai ido in an ce masa haka, ido yake juyawa. Shi kai gaba ɗaya ya juya, a hankali, yana share wurin kamar mai haska tocila a ɗaki. Kafin ya kai kansu, uwar ta ji motsi, sun shige.

Na taso na zo kusa don in ba shi haƙuri, shi ne na ga abin da yake ɓoyewa da bayansa. Wata siririyar igiya ce ɗaure a ƙasan kyamarar, da ƙulli bakwai a jikinta. Ya ja ta har ƙulli na uku ya taɓa furen. A jikin zoben da ake murzawa a saita hoto kuma, ya ɗiga gam ya bushe, ɗigo bakwai, yadda yatsa zai ji. Ƙulli na uku, ɗigo na uku. Ba da ido yake saita hotunan nan ba. Da awo yake yi, kamar tela.

Na zaci zai ji kunya ko ya yi fushi. Sai ya tashi zaune ya karkaɗe riga ya shiga yi mini bayani da alfahari, kamar wanda ya ƙera jirgi. Ya ce wata huɗu ya yi yana gwadawa a bayan gida da murfin kwalba, in Yaya ta fita. Ya ce kyamarar zamani tana saita kanta, amma wawuya ce, ganye take zaɓa ta bar fure, shi ya sa ya koma wa tsohon gilashinsa na hannu. Na tambaye shi me yake gani tsakani da Allah. Ya naɗe hannunsa kamar bututu ya kara a ido ya ce, "Kamar haka. Abin da ke tsakiya ina ganinsa, sai dai kamar ta cikin gilashin da aka huce wa baki. Gefe kuwa babu. Ba duhu ba ne, Gara, kada ka rubuta duhu. Babu ne kawai, kamar yadda ba ka ganin ƙeyarka."

Na ce to hanya fa? Ya yi dariya ya ce, "Hanya a ƙafata take. Kwana biyu wa ya yi tuntuɓe, ni ko kai?" Sau tara na yi, shi ko ɗaya. Daga ƙofar masauki zuwa gadar katako taku ɗari huɗu da goma. Daga nan zuwa tsagaggen dutse ɗari shida. Ya haddace dutsen nan gaba ɗayansa kamar yadda na haddace kantocin laburare, inda zan iya ɗauko miki littafi ko an ɗauke wuta.

Sannan ya ce, "To alƙali, me za ka ce wa yayarka?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Ba ƙarya na ce ka yi ba. Ka ce hotuna suna fita, ka ce ban faɗi ba. Wanne ne ƙarya a ciki?" Na ce babu. Ya ce, "Fure goma sha ɗaya, Gara. Kai da ka san littafi, ka taɓa ganin an ajiye wanda babu shafukan ƙarshe a kanta?" Na ce muna da su da yawa, ɗalibai ne ke yagewa. Ya ce in rufe masa baki.

Ki ga inda nake. Yaya ita ta goya ni, ba ta taɓa roƙona komai ba sai wannan. Amma ki tuna Baba bayan da muka karɓe masa mabuɗin mota. Dukanmu mun san daidai muka yi. Kuma dukanmu mun ga yadda ya koma kujerar nan ta bakin taga, ya daina tambayar ko ƙarfe nawa. Mijin Yaya ba shi da majalisa, ba ya kallon ƙwallo, ba ya kiwon komai. In aka cire dutsen nan daga cikinsa ban san abin da zai rage a cikin rigar ba. A gida mutum ne mai yawan ƙorafi, ke ma shaida ce. A nan kuwa jiya na ji shi yana ba wani fure haƙuri don ya taka masa ganye.

Kuma maganarsa ta hanya gaskiya ce, na gani da idona. Watakila mutum yana iya hawa dutse da ƙwaƙwalwa. Na karanta labarin waɗanda suka yi abin da ya fi wannan, sai dai masu rubuta irin labaran nan ba sa zuwa jin ta bakin matansu.

Zuciyata ta fi karkata ga in faɗi rabin da ya ce in faɗa, in haɗiye rabin. Na san abin da za ki ce, shi ya sa na ji daɗin cewa sai jibi amsarki za ta iso.

Ki yi mana addu'a. A gaishe da Auta.

Mijinki,
Gara.

*

Masaukin gindin dutse,
Ranar Asabar.

Uwargida,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Mu ma lafiya muke, ki fara riƙe wannan kafin ki karanta sauran. In kin ga rubutuna ya karkace, wuyan hannuna ne ya ɗan gurɗe, mai masauki ta ɗaure mini shi tana yi mini faɗa kamar ɗan da ta haifa.

Amsarki ta zo yau da safe. Layi biyu kacal, ke da kike cika wa ɗalibai takarda da jan biro. Kin ce in tambayi kaina wa zai je ya gaya wa Yaya in wani abu ya faru. Kin makara da kwana ɗaya, dutse ya riga ki tambayata.

Jiya ya ce zai kai ni wurin da ya fi so a duk dutsen, wani falalen dutse can sama, awa uku ana hawa. Wurin shimfiɗe yake kamar tsakar gida. Ta ciki akwai wani tsagi da shuɗin fure ya cika shi, ta waje kuwa sai gaɓa, daga nan sai kwari, itatuwan ƙasa kamar gashin goga. Gaggafa biyu suna shawagi, kuma a ƙasanmu suke, ba a sama ba. Ban taɓa ganin bayan tsuntsu yana tashi ba sai jiya. Ya ce duk shekara yana ɗaukar hoto ɗaya a nan, tsagin furen gaba ɗayansa da dutsen da ke bayansa, daga wuri ɗaya, don a ga yadda yake ƙaruwa ko raguwa. Yana da guda talatin.

Na lura bakin gaɓar ta gefe ɗaya launinsa daban ne, ja-ja, da kaifi, kamar burodin da aka gutsura. Na gani sarai. Amma ban taɓa zuwa wurin ba, ban san yadda yake a da ba, na ɗauka haka Allah Ya yi shi. Shi ya san yadda wurin yake a da, amma ba ya ganin yadda ya koma. Mu biyu muna tsaye a kan abu ɗaya, kowa da rabin labari, babu wanda ya tambayi wani.

Masu hoto suna da wata ɗabi'a da ban san da ita ba sai a wannan tafiya. In abu ya ƙi shiga cikin hoto, ba sa sauke kyamara su duba bayansu. Da baya suke tafiya, ido a manne. Ya tsaya a bakin tsagin, ya juya wa kwarin baya, ya ce, "Daga nan taku biyar, sannan saura biyu na ladabi kafin gaɓa. Matsa can, Gara, kada ka shigo mini hoto, littafin furanni ne ba na ƙwari ba." Tun ranar Laraba na daina bin dokar taku goma, na matsa gefe kaɗan kawai. Ya kara kyamara a ido, ya fara ƙirga a fili. Ɗaya. Biyu. Ina kallon ƙafarsa ina kallon jan bakin nan, lissafin yana ƙin fita a kaina. Uku. Da ya ɗaga ƙafa zai yi na huɗu, babu inda za ta sauka.

Ban san na iya gudu ba. Ban tsaya yin ihu ba. Hannun jakar da ke bayansa na cafka na fizgo, muka zube tare a kan falalen, ni a ƙasa shi a sama. Murfin gilashin kyamarar ya fita daga aljihunsa ya gangara ya faɗa. Muka yi shiru mu biyu muna saurare. Ba mu ji saukarsa ba.

Abin da ya fara cewa shi ne, "Ka haukace ne? Ka san shekarun gilashin nan?" Na kama hannunsa, muka rarrafa, na ɗora tafinsa a bakin gaɓar. Ya shafa. Ya miƙa hannu gaba yana neman sauran dutsen, ya shafa iska. Ya ce, "A nan akwai taku huɗu." Na ce babu. Ya ce, "Akwai wani ɗan itace a ƙarshe, ina rataya hula." Na ce babu itace, Yallaɓai. Daga baya mai masauki ta gaya mana ruwan da aka yi watan jiya ya ɓalle gefen dutsen, sun ji ƙararsa har nan ƙasa, ba su san daga ina ba ne.

Ya zauna a wurin ya fi rabin awa, tafinsa a kan jan bakin. Ban taɓa ganinsa shiru haka ba tare da fure a gabansa ba. Na yi ta neman abin da zan ce. Duk abin da na karanta a duniya, babu jimla ɗaya da ta zo. Sai na ba shi ruwa.

Bai ɗauki hoton ba. Da muka juyo, ya ɗora hannu a kafaɗata, ni a gaba shi a baya, har muka sauko. Ƙafarsa ba ta kuskure ko sau ɗaya ba, har yana gaya mini inda zan taka. Da rufin masauki ya kusa, ya ƙirga ya sani, sai ya janye hannun ya gyara hula.

Na zaci magana ta ƙare. Amma da muka zauna a baranda kafin magariba ya ce, "Sau ɗaya ne, Gara. Yanzu ai na san uku ne." Na ce masa ruwa bai gama sauka ba, kuma ba ya aiko da sanarwa. Ya ce, "Yaron da na koya wa tuƙa keke." Na ce shi ne. Ya ce, "Ashe kana gani."

Ba na jin na yi abin kirki. Ji nake kamar wanda aka ba wuƙa aka ce ya zaɓi yatsa. Gobe zan rubuta wa Yaya, direba ya kai mata kafin mu sauko ranar Talata, don kada in tsaya a gabanta in ga fuskarsa in canja magana. Na san kaina.

Ki ajiye wannan a wurinki. A gaishe da yara.

Naki,
Gara.

*

Masaukin gindin dutse,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar ƙani, da fatan kina lafiya, ke da yara da jikoki. Yaya ƙafa? Yaya zaman jira? Na san bai yi miki daɗi ba. Mu muna lafiya, shi da ni.

Yaya, kin aike ni, ga saƙonki. Ba ya gani yadda mutum zai hau dutse shi kaɗai. Abin da ke gabansa daidai yana ganinsa dishi-dishi, na gefe kuwa ba ya gani sam, hagu da dama, sama da ƙasa. Hotunan da ya baza miki gaskiya ne shi ya ɗauka, kuma ba a taɓa ɗaukar waɗanda suka fi su ba, amma da igiya da awo yake saita su, ba da ido ba. Hanya kuma haddace ta ya yi. Shekaranjiya ya ja da baya a wani wuri da ya sani shekara talatin, ruwa ya riga ya cinye wurin bai sani ba. Taku ɗaya ya rage. Allah Ya tsare, babu abin da ya same shi. Ba zan ƙawata miki ba, ba kuma zan rage ba. Kin yi gaskiya tun farko.

Ina roƙonki abu ɗaya. In ya dawo kada ki ce masa ai kin faɗa. Ya sani. Kuma kada ki ɗauka raina ki ya yi da ya ɓoye miki. Wata huɗu ya yi yana ɗaura ƙulli a igiya a bayan gida don kada ki gan shi a matsayin wanda za a riƙe wa hannu. Wauta ce, amma ba ta rashin ƙauna ba ce.

Ban so in aiko da wannan a bayan idonsa ba, saboda haka yau da hantsi na zaunar da shi a baranda na karanta masa tun daga sallama. Ya saurara kamar ana karanta masa labarin wani. Gyara ɗaya ya yi, ya ce shekara talatin da ɗaya ne, ba talatin ba, in zan kashe shi in kashe shi da lissafi daidai. To na gyara, talatin da ɗaya.

A nan ƙasa na rubuta cewa ina da hutun da ban ci ba, kuma in kun ga dama ƙarshen damina zan iya sake biyo shi in riƙe masa jaka har ya cike goma sha ɗayan nan, tunda gwiwoyina sun riga sun saba da wulaƙanci. Ya ce in soke wannan. Ya ce ke ya yi wa rantsuwa ba ni ba, kuma ba zai aiko ƙaninki ya yi masa bara ba. Na soke kamar yadda ya ce. Sai dai biron nawa siriri ne, layi ɗaya na ja, kuma na san idonki ƙalau yake. Magana tana hannunki.

Da na gama na tambaye shi ko akwai abin da zan ƙara. Ya ce babu. Na ninke takardar, har na sa a ambulan, sai ya ce in dakata. Ya daɗe yana murza hularsa a gwiwa. Sannan ya ce in buɗe in rubuta wannan, kuma in rubuta yadda ya faɗa, kada in sa masa gishirin laburare.

Ya ce motarmu za ta shigo tasha ranar Talata wajen ƙarfe huɗu. Ya ce shekara talatin da ɗaya yana dawowa daga dutsen nan, bai taɓa cewa ki zo ki tare shi ba, da ƙafarsa yake shigowa gida. Wannan karon yana so ki zo. Ya ce in kin zo ki tsaya daidai gaban ƙofar motar, saitin fuskarsa. Kada ki tsaya a gefe, Yaya. In kin tsaya a gefe zai wuce ki.

Wassalam. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙaninki mai biyayya,
wanda mijinki ke kira Gara.